Kowa ya yaba manhajata, amma babu mai buɗe ta: ta yaya ake gane manhaja ta yi?

Mai_Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a haska mini. Mahaifiyata tana shan magani iri uku kullum, kuma na rana yakan kuɓuce mata. Sai na zauna wata huɗu ina ƙera mata manhajar tunatarwa ta Android: a rubuta sunan magani, a sa lokaci, in lokacin ya yi waya ta yi ƙara. Na tura wa abokaina, kowa ya ce ta yi kyau, har da masu cewa in ɗora ta a Google Play. Bayan mako uku na bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu kacal suka sake buɗe ta. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ita Mama da na yi abin dominta. Jiya na ɗauki wayarta, sai na tarar ta kashe sanarwar tun makon farko, ta koma jera kwalaben a inda idonta zai faɗa kansu. To da me ake auna manhaja? In yabon mutane ba ma'auni ba ne, mene ne ma'aunin?

TsohonHannu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ƙanena, kafin mu yi nisa amsa mini abu ɗaya. Ka taɓa miƙa mata wayar, ka zauna gefe ka yi shiru, ka ga yadda za ta shigar da magani da hannunta? Ko kai ne ka saita komai ka ba ta?

Mai_Koyo:
Amin, Yaya. Ni na saita mata komai. Na ga kamar sauƙaƙa mata nake yi.

TsohonHannu:
To a nan gizo ke saƙar. Abokanka ba manhajar suka yaba ba, kai suka yaba, don suna ƙaunarka kuma sun san ka sha wahala. Wanda ka tambaya "ya ka gan ta?" zai ba ka amsar da ba za ta ɓata maka rai ba. Daina tambaya, fara kallo. Nemi mutum biyar irin waɗanda ka yi manhajar dominsu, ba masu ƙera manhaja irinka ba. Ka ba kowane aiki ɗaya, misali: "Likita ya ce ki riƙa shan wannan sau biyu a rana, sa waya ta tuna miki." Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa da baki yayin da yake dannawa. Kai kuma aikinka takarda da biro. Kada ka nuna, kada ka ce "a'a, can sama." Wannan shirun shi ne mafi wuya a duk aikin, hannunka zai riƙa ƙaiƙayi. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya daɗe yana wannan kira. A 2000 ya rubuta cewa mutum biyar kan tono wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, bisa lissafin da suka yi shi da Tom Landauer a 1993.

Ɗan_Lissafi:
Malam TsohonHannu, ina tare da kai, amma bari in ɗan gyara, don ana yawan ɗaukar wannan 85 ɗin kamar yankan wuƙa. Lissafin ya ginu ne a kan cewa mutum ɗaya yakan ci karo da kimanin kashi 31 na matsalolin, kuma mutanen biyar ɗin iri ɗaya ne. In manhajarka tana da jama'a iri biyu, a nan mai shan magani da mai kula da shi, to kowane rukuni sai ka nema masa nasa mutanen. Sannan shawarar ba "gwada biyar ka huta" ba ce. Cewa ya yi gara zagaye uku na mutum biyar-biyar, kana gyara tsakaninsu, da zagaye ɗaya na mutum goma sha biyar. Kuma biyar na neman inda ake tuntuɓe ne kawai. In alƙaluma kake so, kamar daƙiƙa nawa aiki ke ci, biyar ba su isa ba.

TsohonHannu:
Gyara ya karɓu. Haka ne.

Malamar_Jinya:
Ni ba na ƙera manhaja, amma shekaruna da yawa ina raba magani, don haka ku bar ni in sa baki. Ɗana Mai_Koyo, ka lura da abin da Mama ta koma yi? Ta jera kwalabe. Kada ka ɗauki wannan a matsayin taurin kai, darasi take ba ka. Masu shan magani na dogon lokaci ba kullum lokacin suke mantawa ba. Abin da ya fi damun da yawansu shi ne tsayuwa da kwalba a hannu suna tambayar kansu: na sha ko ban sha ba? Shi ya sa ɗan akwatin nan mai gida bakwai, Litinin zuwa Lahadi, yake aiki har gobe. Ba ya ƙara, ba ya cin caji, amma kallo ɗaya za ka yi ka ga gidan yau ya zama fanko ko bai zama ba. Manhajarka tana amsa "yaushe", ita kuma wataƙila "ko na riga na sha" take nema.

Abu na biyu, ƙara. Ko a wajen aiki mun san wannan: na'urar da ke kuka ba dalili, kunne yakan saba da ita har ya daina ji. In waya ta yi ƙara alhali mutum yana wani ɗaki, ko hannunsa da ruwa, zai kashe ya ce anjima. Anjiman nan ita ce mantuwar.

Mai_Shakka:
Ni dai zan faɗi abin da ba a son ji. Wayar da ke hannun Mama tana da agogon ƙararrawa tun daga kamfani. Me manhajarka ta ƙara a kai? Yawancinmu da mun koyi rubuta manhaja sai mu riƙa ganin kowace matsala manhaja take jira. Ku dubi M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya a Kenya. Da aka fito da ita a 2007 ba wata manhaja aka sauke ba, ɗan jerin zaɓi ne a cikin layin waya da saƙon tes, a kan wayoyi masu madannai. Ta yi aiki don ta dace da abin da ke hannun mutane. Wani lokacin amsar gaskiya ita ce kada a ƙera komai.

Ɗan_Lissafi:
@Mai_Shakka misalinka ma yana da wani gefe da ya fi dacewa da maganarmu. A gwajin farko na M-Pesa, wanda aka fara a 2005, manufar ita ce masu karɓar ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Sai aka lura mutane suna tura wa juna kuɗi da ita. Masu aikin ba su ce jama'a sun yi kuskure ba, sai suka juya akalar abin zuwa aika kuɗi. Wato gwaji ba gyaran maɓalli kaɗai yake yi ba, yakan nuna maka cewa matsalar da ka kama ba ita ce ta gaske ba.

Mai_Koyo:
@Mai_Shakka maganarka ta yi zafi amma ban ga ƙarya a ciki ba. Abin da na ɗauka na ƙara shi ne sunan maganin yana fitowa a allo. Yanzu da Malama ta yi bayani na ga wannan kaɗai bai isa a sauke manhaja ba.

Mai_Lambobi:
Kafin a ɗora wa tsari laifin duka, ka tabbatar ƙarar tana zuwa a kan lokaci? Na taɓa yin irin wannan aikin, kuma abin da ya kusa kayar da ni ke nan. Tun Android 6.0 a 2015 aka shigo da Doze: in waya ta daɗe a ajiye, allo a kashe, ba a caji, tsarin yakan jinkirta ƙararrawar manhajoji don tattalin batir. In ba ka yi amfani da irin ƙararrawar da aka tanada don ainihin lokaci ba, na ƙarfe biyu zai iya zuwa a makare. Daga Android 12 kuma wannan ma yana da nasa izinin na daban, sannan daga Android 13 sai mai waya ya amince kafin manhaja ta iya nuna sanarwa kwata-kwata. Ga kuma wanda ake yawan mantawa: in aka kashe waya aka kunna, ƙararrawar da manhaja ta saita takan goge, dole ka sa manhajar ta sake saita su da kanta bayan kunnawa. Ƙari a kan haka, wasu kamfanonin waya suna da nasu tsarin tattalin batir da ke rufe manhajojin da ke aiki a bayan fage. A wayarka da ke jone da kwamfuta tana caji duk ba za ka ga wannan ba. Ka gwada a tsohuwar waya, ka ajiye ta dare guda a kan tebur, ka ga ko za ta tashe ka.

Mai_Koyo:
Subhanallah. Maganar kashewa da kunnawa ban san da ita ba sam. Kuma wayar Mama takan mutu da dare in caji ya ƙare. Ke nan akwai ranakun da ba ta yi ƙara ba gaba ɗaya.

Malamar_Jinya:
Ka gani? Tunatarwar da ke zuwa yau ta ƙi zuwa gobe ta fi babu haɗari, don mutum ya riga ya sakankance. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

'Yar_Zane:
Ɗan'uwa, na ga hoton allon da ka sa a ƙasan tambayarka. Ba zan ɓoye maka ba, an yi shi ne don idon matashi. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a kwamfuta, amma a hasken rana ko a idon da ya fara gajiya ɓacewa yake. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, kuma akwai kayan aunawa kyauta. Maɓallan "gyara" da "goge" sun yi ƙanƙanta kuma suna manne da juna. Google na ba da shawarar wurin dannawa kada ya gaza 48 da 48 a ma'auninsu, Apple kuma 44 da 44. Yatsan da ke ɗan rawa zai goge magani yana nufin gyara shi, kuma ban ga hanyar dawo da abin da aka goge ba. Sannan ka shiga saitin waya ka ƙara girman rubutu zuwa ƙarshe, kamar yadda manya da yawa ke yi, ka ga ko kalmominka ba za su hau kan juna ba.

Amma babbar shawarata ita ce ka rufe kwamfutar tukuna. Zana allon a takarda, kowane shafi takardarsa. Mama ta "danna" da yatsa, kai kuma ka sauya takardar. A yini ɗaya za ka gwada tsari uku. Abin da ka zana a minti goma ba ya yi maka wuyar yagawa, amma wanda ka yi wa wata huɗu sai ka riƙa kare shi ko da ya karkace. Tun ran gini ran zane.

Mai_Sauraro:
Salamu alaikum. Ni ba na gani, da TalkBack nake amfani da waya, ita ke karanta mini abin da ke allo. Ina so in roƙi masu ƙera manhaja a nan abu ɗaya. In kun sa maɓalli mai hoto kawai ba ku rubuta masa suna a ciki ba, abin da nake ji shi ne "maɓalli", sai na gaba "maɓalli", sai na gaba "maɓalli". Ku yi tunanin ƙofa uku a gabanku, babu alama, ɗaya a ciki tana goge duk abin da kuka ajiye. Sau da yawa nakan danna in yi addu'a. Rubuta sunan ba ya cin minti ɗaya. Ku kunna TalkBack, ko VoiceOver in iPhone ce, ku rufe ido ku yi aiki ɗaya a manhajarku. Kuma ku sani, masu shan magani kullum da yawansu idonsu ba kamar da ba ne.

'Yar_Zane:
Allah ya saka da alheri, Malam Mai_Sauraro. Wannan ya kamata ya shiga gwajin kowa tun farko, ba sai an gama ba.

Uwar_Biyu:
Nawa ƙorafin daban ne. Na taɓa sauke wata manhaja irin wannan don yarona. Kafin ta nuna mini komai sai da ta nemi imel, kalmar sirri, ranar haihuwa, sannan ta ce in ba ta izinin ganin lambobin wayata da inda nake. Don tunatar da magani? Nan take na goge. Magungunan mutum sirrinsa ne, daga sunan magani ana iya gane ciwon. Ko dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ware bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kulawa da su. In abu zai iya zama a cikin waya ba tare da ya je ko'ina ba, a bar shi a nan.

Mai_Lambobi:
@Uwar_Biyu gaskiya ne, kuma hakan yana kawo sauƙi biyu: babu rajista, babu dogaro da intanet. Tunatarwa ba ta da dalilin jiran sabis. Nauyin manhajar ma abin dubawa ne. Facebook da kansa ya fitar da Facebook Lite a 2015, bai kai megabait ɗaya ba a lokacin, Google kuma ta fito da Android Go a 2017 don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. In manyan sun sunkuya haka, mu ma mu sunkuya.

Ɗan_Lissafi:
Mu koma tambayar farko, don ya ce da me ake aunawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sauƙin amfani, ISO 9241-11, ta kasa ma'aunin uku: mutum ya cim ma abin da ya zo yi? Da wace wahala? Ya gamsu? Na farko ƙirge ne: cikin waɗanda ka ba aikin, nawa suka gama ba taimako. Na biyu lokaci da yawan kuskure. Na uku akwai takardar tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986, ana ce mata SUS, makinta daga 0 zuwa 100, kuma 68 ake ɗauka matsakaici. Ba kashi cikin ɗari ba ne, kada ka ga 70 ka ɗauka ka ci jarrabawa da kyau, kana dab da tsakiya ne kawai. Bayan ka saki manhajar kuma sai ka riƙa duba mutum nawa ke dawowa bayan mako, bayan wata.

Mai_Shakka:
A nan na rabu da kai. Yawan dawowa da daɗewa a cikin manhaja ma'aunin masu sayar da talla ne. Manhajar da ke warware matsala ta gaske burinta ta sallame ka da wuri. In Mama tana buɗe ta sau ashirin a rana, wannan alamar ruɗani ce ba nasara ba. Ma'aunin wannan manhajar ɗaya ne: maganin rana da ke kuɓucewa, ya daina ko bai daina ba? Kuma wannan ba a allo yake ba, a kwalba yake. Ƙirga ƙwayoyin yau, ƙirga bayan mako biyu.

Ɗan_Lissafi:
Ban ƙi ba, amma kana buƙatar sanin yadda abin yake kafin manhajar, in ba haka ba da me za ka kwatanta? Kuma mako biyun farko ba abin dogaro ba ne, sabon abu yana da zumuɗi. Abin da ya rage bayan zumuɗin ya kwanta shi ne gaskiya.

Sabon_Shiga:
Tambaya don Allah. Na ji Google na sa sababbin masu ɗora manhaja a Google Play su yi gwaji da mutum 12 na kwana 14 kafin su saki. Wannan bai wadatar ba?

TsohonHannu:
Sharaɗin gaskiya ne ga sababbin asusun ɗaiɗaikun mutane, da farko ma 20 ne kafin a rage. Amma cika sharaɗi daban, gwaji daban. Mutum 12 za su iya ajiye manhajar a waya kwana 14 ba tare da ka koyi komai ba. Zai taimaka wajen gano rufewa da daskarewa a wayoyi mabambanta, wannan kam. Android yakan ɗauki manhaja ta maƙale in ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawa ba, kuma za ka ga rahoton. Amma babu rahoton da zai gaya maka cewa mace ta kalli alamarka ba ta gane me take nufi ba.

Mai_Koyo:
'Yan'uwa na dawo. Jiya da yamma na yi abin da Yaya TsohonHannu ya ce. Na goge komai, na miƙa wa Mama wayar da kwalba ɗaya, na ce ta sa a tuna mata. Na zauna na haɗe hannuwana. Ta daɗe tana kallon allon, yatsanta yana shawagi a sama bai sauka ba. Alamar ƙari da na sa a ƙasan dama, wadda nake gani kowa ya san ta, ko kallonta ba ta yi ba. Hoton ƙararrawa ta danna, ta ce ai nan ne wurin ƙara. Da ta isa wurin sa lokaci, agogon nan mai zagaye da ake jan hannunsa, sau huɗu tana ja yana zamewa, daga ƙarshe ta sa biyun dare a maimakon biyun rana kuma babu abin da ya ankarar da ita. Sai ta ajiye wayar a cinya ta ce, "Ni fa ba lokacin nake mantawa ba. Wani lokaci sai in tsaya ban san ko na sha ba, sai in bari don tsoron kada in sha biyu." Malamar_Jinya, kalma da kalma abin da kika faɗa. Wata huɗu ina aiki, ban taɓa yi mata wannan tambayar ba.

Yanzu na zana sabon tsari a takarda: shafi ɗaya, manyan gidaje uku, safe, rana, dare. In ta sha ta danna, gidan ya cika ya rubuta lokacin. Ina tunanin ƙara cewa in awa ɗaya ta wuce ba ta danna ba, saƙo ya zo wayata.

Malamar_Jinya:
Madalla, ɗana. Gidaje ukun sun yi. Abu biyu: kada manhajar ta taɓa ba da shawarar abin da za a yi in an tsallake magani, wannan na likita ne, don kowane magani da hukuncinsa. Maganar saƙo zuwa wayarka kuwa, ita za ka tambaya tukuna. Wasu iyayen suna jin daɗi, wasu kuma suna ganin an sa musu ido, sai su riƙa dannawa ba su sha ba don kada a kira su. In haka ta faru ka ɓata alƙaluman kuma ka ɓata amana.

Mai_Shakka:
Har yanzu ina nan kan bakana: akwati mai gida bakwai zai yi wannan aikin. Ka gwada su biyu, mako biyu wannan, mako biyu wancan, in akwatin ya yi nasara ka yarda.

'Yar_Zane:
@Mai_Shakka akwatin ba ya bin ta in ta fita, wayar kuwa tana hannunta. Amma na yarda a gwada. Mai_Koyo, kada cikar gidan ta dogara da launi kaɗai, akwai masu wahalar bambance ja da kore, ka haɗa da alama da rubutu. Kuma in ta danna bisa kuskure, ta yaya za ta janye?

Mai_Koyo:
Ban yi tunanin janyewar ba, zan ƙara a takardar yau. Na samu maƙwabta biyu masu shan magani kullum da suka yarda su gwada ranar Asabar, saura uku. Malam Mai_Sauraro, in na mayar da shi manhaja, za ka yarda ka saurara mini shi kafin kowa?

Mai_Sauraro:
Da hannu bibbiyu. Ka sa wa gidajen suna cikakke, in ji "maganin rana, ba a sha ba tukuna", ba "gida na biyu" ba. Turo mini in ya kammala.